Matar Mai Jirgi a Sandakan

Nurhaida na durƙushe gaban murhu a bayan jirgin ruwa tana dafa rogo da busasshen kifi, ruwa na jijjiga tukunyar a hankali. Ba su daɗe da baro tsibirinsu na Tawi-Tawi ba, ita da mijinta Julkipli, da 'yarsu Sitti, da mahaifiyar Nurhaida, Inna Darwisa. Suka ɗaure jirginsu a ƙarshen gadar katako ta garin Sandakan, nan ne ɗaki, nan ne kicin. Sitti ma da igiya ake riƙe ƙugunta kada ta faɗa ruwa.

"Dubi yadda aka ɗaure min jika kamar akuya!" in ji Inna, tana dafe da kai saboda jiri. "Ni da na haife ki a gidan siminti, yau ga ni ina amai a kan kifaye!"

Julkipli yana kwance ƙarƙashin inji, hannu duk baƙin mai. Ya ce, "Ki ƙara haƙuri Inna, ana nema."

"Me ake nema? Kabari a ruwa?"

Kafin azahar sai ga Hadjirul, yayan Nurhaida, wanda ya daɗe a garin yana zaune a gidan bene. Ko shiga jirgin bai yi ba, daga kan gada ya toshe hanci.

"Haɗa kayanki, ke da Inna da yarinyar. Shi kuwa mutumin ruwa ne tun kakanninsa, a bar shi da ruwansa."

"Haba Yaya! Mijina ne fa!"

"Miji? Wanda ko ƙofar rufewa bai ba ki ba?"

Nurhaida ta dubi Julkipli, ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata. Ta kama ƙafar Inna tana roƙon kada ta tafi, Inna ta fizge.

"In kin zaɓe shi, kada ƙafarki ta tako inda nake!"

Haka suka tafi suka bar ta tana kuka, Sitti na taya ta.

Damina ta shigo da ƙarfi. Rufin jirgin ya riƙa yoyo, katifa ta jiƙe, maƙwabta na hira da harshen da Nurhaida ba ta ji. Kullum sai ta ɓoye fuska ta yi kukan uwarta. Wata safiya Julkipli ya riske ta a haka.

"Nur, in zuciyarki na can, ki bi su. Wallahi ba zan riƙe ki ba."

Ta ɗago jajayen idanu. "Au, kai ma korata kake?"

"Sori, ba haka..."

"To ka yi shiru! Da kai na tsallako teku, da kai zan zauna."

Ranar shi ma sai da ya share ƙwalla.

Ana nan sai wata mai tallan kifi, 'yar garinsu, ta zo a guje da labari. Inna ta zame a banɗaki tun safe, Hadjirul da matarsa suna wurin aiki, maƙwabta ne suka ji nishinta. Ashe haka take yini ita kaɗai a saman bene, ba mai ce mata sannu.

Julkipli bai tsaya wanke hannu ba. Shi ya goyo ta ya sauko da ita daga benen, shi ya yi ta jinyarta a asibiti har ƙafar ta fara takuwa. Da aka sallame ta, Hadjirul ya kawo mota, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa.

Inna ta girgiza kai. "Ku mayar da ni wurin 'yata."

Matan gadar suka tarbe ta da shinkafa da miyar kifi, suka kama ta suka shigar da ita jirgi. Ta riƙe hannun Julkipli tana kuka.

"Na ci mutuncinka a gaban matarka, ka rama min da alheri. Ka yafe min."

"Ba ki yi min komai ba, Inna."

Kafin damina ta zagayo, mazan gadar sun taya shi kafa ginshiƙai, ya yi musu ɗaki biyu a kan ruwa. Hadjirul da kansa ya kawo kwanon rufi.

'Yan'uwana mata, kada ku auna miji da irin gidan da ya ajiye ku, ku duba halinsa ranar da tsanani ya zo. Nurhaida ta yi haƙuri, ba ta saki mijinta ba, ba ta kuma mayar wa uwarta da baƙar magana ba, sai Allah ya bar mata su duka biyun.