Wa Ya Juya Sirdin?

Ƙarfe takwas na safe aka kira Sufeto. Wata malamar asibiti ta hau keken lantarki na haya za ta wurin aiki, birki ya ƙi ci a gangare, ta daki kwalbati. Ko shurawa ba ta yi ba.

Kafin ya isa tashar kekunan, manajan kamfanin, wani dogo mai baƙin kwat, har ya damƙa makanikensu a hannun Saje, an sa masa ankwa. Wai sakacinsa ne.

Makaniken ɗan guntun dattijo ne. "Ranka ya daɗe, jiya na tarar da kekuna shida birkinsu ya mutu. Na juya sirdinsu baya, yadda muka saba. Kowa ya san keken da sirdinsa ke kallon baya ba a hawansa."

"Ƙarya yake yi!" in ji manaja. "Ni ko leƙo nan ban yi ba sai yanzu."

Sufeto ya bi layin kekunan yana matsa birki. Biyar matattu ne, kuma duk sirdinsu gaba yake kallo. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ashe saura gawa biyar ake jira!

Ya lura kuma duka biyar ɗin an ɗage sirdinsu sama, tsayi ɗaya.

"Baba, tsaya kusa da wannan." Sirdin ya kai wa dattijon haƙarƙari.

"Manaja, bismillah." Daidai ƙugunsa, kamar tela ne ya auna.

"Dogaye ai da yawa a gari," in ji manaja yana share gumi.

Sai ga Saje da wayar mai gadin tashar. Hoto ne na ƙarfe bakwai na safiyar nan: kansilolin sufuri sun zo duba ko za a ƙara wa kamfanin tashoshi, ga manaja a tsakiyarsu yana washe baki, kekuna a jere ras, duk sirdinsu na kallon gaba.

Manaja ya kalli hoton. "Minti goma kawai na so su ga komai lafiya. Wallahi na yi niyyar mayarwa, mantawa na yi."

"Mantawa!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Ka kashe mace don hoto, sannan ka laƙa wa sa'an ubanka? Saje, kwance Baba, ka sa wa wannan."

Sufeto ya tasa ƙeyar manaja zuwa mota.

"Mijinta na ofishina da goyo a hannu, yana tambaya me ya faru. Kai za ka gaya masa da bakinka."