Kwana Ukun Da Ba Mu Jira Ba

"Jininsa dai zan karɓa. Shi kuwa, kar in ga ƙafarsa a ƙofar gidana!"

A tsakiyar barandar asibiti Mama ta faɗi haka, da ƙarfi, har sai da matar da ke goge ƙasa ta ɗago kai. Wilberth yana tsaye a bayana, hularsa a hannu. Ya ji komai.

"Mama, don Allah..."

"Rufe min baki, Nayeli!"

Jibi za a yi wa Baba aiki a ciki, kuma kowa a tsibirin Cozumel ya san yadda abin yake: sai dangi sun kawo mutum uku sun ba da jini kafin a shiga da naka tiyata. Mun samu biyu. Ni an ce jinina ya yi ƙasa. Gaspar kuwa, kyaftin ɗin jirginmu, wanda Mama ke kira "ɗana" tun ranar da ya fara nuna yana sona, da warin giyar jiya ya zo, aka sallame shi.

Saura Wilberth.

Ɗan mai soya kifi a bakin kasuwa, wanda ba a san ubansa ba. Shekara huɗu yana raka baƙi ƙarƙashin teku a shagon nutson Baba. Shekara biyu yana riƙe da zuciyata.

"Doña Elvia," ya ce wa Mama a hankali, "ko ba ki roƙa ba zan bayar. Maigidanki Don Fausto ne ya koya min numfashi a cikin ruwa."

"Ai ban roƙa ba."

Ina zaune kusa da shi aka soka masa allurar. Ledar tana cika, shi kuma yana tsokanata.

"Kin ga yadda yake ja? Rabinsa sunanki ne, ƙalbina."

"Kai dai ba ka rabo da surutu!"

Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ƙura wa fuskarsa ido. Shatin gilashin nutso ya fito raɗau a goshinsa, inda rana ba ta ƙona ba.

"Kai mai nutso ne ko, ɗan nan?"

"Tun ina yaro, Uwa."

"To buɗe kunnenka. Ka rasa jini, ka rasa ruwan jiki. Jiri zai iya ɗibarka, kuma jiri a ƙasan teku ba irin na bakin titi ba ne, ba inda za ka zauna ka huta. Yau da gobe ba kai ba ruwa. In ta ni ce ma, kwana uku."

Ta juya takardar shaidar da za mu miƙa a ɗakin tiyata, ta rubuta a bayanta da jan biro: KWANA UKU BA NUTSO. Sai ta dube ni.

"Ke ce budurwar? Ke na ba wa amanarsa. Waɗannan mazan ba sa jin magana."

"Na karɓa," na ce ina dariya.

Dariya fa na yi...

Da muka fito na miƙa wa Mama takardar. Ta duba gabanta, ta juya bayanta, ta daɗe tana kallon jan rubutun. Sannan ta ninke ta jefa a jaka. Ko sannu ba ta ce masa ba.

Washegari da safe baƙi takwas suna jira a bakin gadar da jirginmu ke tsayawa, kowa da kayansa. Nutso uku aka yi musu alkawari a bangon teku, inda ƙasa ke yankewa ta tafi can duhu. Ɗayan mai rakiyarmu bai zo ba. Daga baya na ji Gaspar ne ya ba shi hutu.

Wilberth ya zo ne kawai ya taya ɗaukar kaya.

"Wilberth. Zo nan."

Mama ce! Shekara huɗu, ban taɓa jin sunansa a bakin Mama ba. "Wancan" take ce masa.

"Maigidana yana kwance," ta ce. "In ka riƙe min shagon nan yau, ranar Lahadi ka zo gida ka ci abinci. Ka taho da mahaifiyarka."

Ka taho da mahaifiyarka!

Duk yarinyar da ta tashi a tsibirin nan ta san abin da wannan gayyatar take nufi.

"Doña, jiya nas ta ce..."

Gaspar ya fashe da dariya daga cikin jirgi.

"Kai! Leda ɗaya ta jini ce ta mai da kai mai jego? A kawo maka kunu? Doña, ki bar shi, kar ya sume mana a gaban Turawa!"

Wilberth bai kula shi ba. Ni ya ja gefe, ya rage murya.

"Nayeli, gaskiya kaina yana ɗan juyawa tun da na tashi. Me kika ce?"

Ni ya tambaya.

Ba Mama ba, ba Gaspar ba. Ni.

Na dubi Mama tana tsaye da jakarta a hammata. Na hango teburinmu ranar Lahadi, mahaifiyarsa a kujerar baƙi, Baba yana murmushi. Na hango farar rigar amarya...

"Yau ɗaya ne, masoyina," na ce. "Kai da ka fi kifi iya ruwa? Ka sha ruwan kwakwa, zai wuce. Yi mana wannan, don ni."

Ya daɗe yana kallona.

"Don ke," ya ce.

Da hannuna na ɗauki tukunyar iskarsa na saka a jirgi.

Ƙarfe biyu da rabi na rana na hango jirgin yana dawowa, baƙi sun taru a waje guda suna kallon ƙasa. Tun daga nesa na fara ihu.

Wata daga cikin baƙin ce ta ba ni labari tana kuka. Nutso na farko lafiya. Bayan na biyu ya fito fuskarsa fari fat, ya ce a haƙura da na uku, Gaspar ya ce sai dai ya je ya gaya wa Doña da bakinsa. A na uku, mita talatin ƙasa, ta ga kansa ya langaɓe. Hannunsa ya danne maɓallin da ke hura rigar iska, ya yi sama kamar kwalbar da aka saki, ba tsayawa, ba hutun da kowane mai nutso ke yi kafin ya fito.

Awa shida yana cikin ɗakin ƙarfen nan da ake matsa wa mai nutso iska. Ina leƙensa ta ɗan zagayen gilashi.

"Kumfar iska a jininsa ta taɓa lakar bayansa," in ji likita. "Mutum mai shekaru a ruwa ba ya suma haka kawai. Akwai abin da ya rage masa ƙarfi?"

"Mu dai ba mu san komai ba," Mama ta ce.

"Jiya ya ba da jini!" na yi ihu.

Likitan ya cire tabarau.

"Ba zan ce shi kaɗai ne dalili ba. Amma wa ya bar shi ya shiga?"



Aikin Baba ya yi kyau. Ranar Lahadi Mama ta dafa naman alade da ruwan lemo, ta shimfiɗa farin mayafin tebur, Gaspar ya zauna a kujerar baƙi yana lasar yatsa. Na fizgo jakar Mama na zazzage a kan teburin. Ba takardar, tana ɗakin tiyata, amma ni ina ganin jan rubutun a ko'ina.

"Kin karanta, Mama! Na gan ki kin juya bayanta!"

Ko cokalinta ba ta ajiye ba.

"Na karanta."

"Kika tura shi?!"

"Ni tayi na yi masa. Ke kuma a gabanki aka rubuta, 'yata. Wa ya ɗauki tukunyar?" Ta tura min faranti. "Zauna ki ci. Ko so kike ki ƙare rayuwarki kina wanke rabin mutum?"

Sati shida Wilberth yana kwance. Kullum ina zuwa, kullum mahaifiyarsa tana tare ƙofa: "Ya ce yana barci."

Ranar da na sake ganinsa, a tashar jirgin fito ne, da la'asar. Mahaifiyarsa tana tura shi a keken guragu, za su koma wurin danginta a Valladolid, inda ba teku. Ƙafafun nan da suke tafiya a ruwa kamar rawa, an lulluɓe su da bargo duk zafin nan.

Na durƙusa a gabansa, mutane suna kallo.

"Wilberth! Hasken idona, ka tafi da ni. Na bar musu gidan, na bar komai. Zan zama ƙafafunka, na rantse!"

Ya dube ni. Shatin gilashin da ke goshinsa ya ɓace.

"Ya jikin Don Fausto?"

"Ya... ya warke. Jiya har kasuwa ya taka."

"Madalla. Ashe jinin ya yi amfani."

"Mama ce ta shirya, ita da Gaspar! Sun san..."

"Na sani, Nayeli. Mahaifiyarki ba ta taɓa ɓoye min ƙiyayyarta ba, Gaspar kuma kare ne. Da su kaɗai suka ce in shiga, da dariya zan yi in tafi gida in kwanta." Ya cire hannuna daga gwiwarsa, a hankali, yatsa bayan yatsa. "Shi ya sa ban tambaye su ba."

"Ka yafe min..."

"Kwana uku aka ce. Shekara biyu na jira ki, ƙalbina. Ke kwana uku suka gagare ki."

Jirgin ya yi ƙara. Mahaifiyarsa ta juya keken ba tare da ta kalle ni ba. Maza biyu suka ɗaga shi suka haye da shi, kamar yadda ake ɗaukar kaya.

Bai waiwayo ba.

Ina nan a durƙushe wayata ta yi ƙara. Mama ce.

"Kina ina? Ki biya kasuwa ki sayo lemo. Gaspar zai zo ranar Lahadi da mahaifiyarsa."