Cinikin Muryar Malam Ilu

Ku matso, ku rage murya. Tasalla mai man gyaɗa ta rasa miji, ta rasa muryarsa. Abin da ta samu kalma ɗaya ce.

Mijinta, Malam Ilu, gyaran kwamfuta yake yi a layin bayan kasuwa. Akwai wata manhaja ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kowa na iya sa mata hannu. Shi ɓangaren da ke girka ta a cikin na'ura yake gyarawa. Ɓangaren yana da ciwo: a wasu tsofaffin kwamfutoci, ko ka ce ya bar maka kayanka, sai ya share komai.

Abokan wannan aikin, bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ba a kuma biyansa.

"Aljanu kake wa bauta, Malam," in ji Tasalla kullum. Shi dai dariya.

Ya rubuta gyaran. Kafin ya gwada, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Da ta fita takaba, ta je kwashe shagon. Maƙwabtansa masu gyara suka ce su taya ta, ta ce ba mai taɓa kayan mijinta. Ba ta iya karanta abin da ke fuskar tsohuwar kwamfutarsa, amma ta san maɓalli ɗaya da ya nuna mata. In ta danna, sai ga muryarsa ta ranar da yake gwada makirfo. Ya yi tari, ya ce, "Ana jina?"

"Ina jinka," take cewa. Ta sake dannawa.

Har magariba ta yi. Layin ya watse. Ita kaɗai.

Aka yi sallama. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa. Bakinsa yakan rufe tukuna, sannan maganar ta iso.

"Ya haƙuri, Hajiya? Abokin aikinsa ne ni."

Ta dubi ƙasa. Dugadugansa ne a gaba, yatsun na baya. Ta yi bisimilla a ranta. Amma ɗiyar kasuwa ce, ba ta tashi ba.

"Me ake so, bawan Allah?"

"A gwada gyaransa. A irin wannan na'urar kaɗai ciwon ke tashi."

"In gyaran ya yi?"

"Kayansa da ke cikin na'urar na nan."

"In bai yi ba fa?"

"Mu ga inda ya kuskure, mu ƙarasa masa. Abin da ke ciki kuwa ya tafi."

"Albarka," in ji ta.

Ya buɗe tafin hannu, zinariya na ƙyalli. Ta kau da kai. Ya ce rumfa a tsakiyar kasuwa. Ta ce tana da tata. Ya ce tsawon rai.

"In yi me da shi?"

Ya rufe tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Na daɗe ina zama kusa da shi a nan. Na san duk yadda yake magana."

Nan ta juyo ta dube shi. Ta faɗi farashinta a hankali. Ya ce ya saya.

Baƙon ya zauna, ya fara gwajin. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar na'urar. Ya kai tsakiya, ya tsaya. Fuskar ta yi baƙi.

"Ga kuskuren nan, na gan shi," in ji baƙon. Ya biya ta. Ta ɗago kai, ba kowa.

Ta danna maɓallin. Shiru. Ta danna har yatsanta ya yi ciwo.

Washegari maƙwabcin shagon, Buhari, ya ce an ƙarasa gyaran, an sake shi ga kowa, ba wanda za a ƙara share wa kaya. Da ya ji labarinta sai ya dafe kai.

"Hajiya, ai murya ana kwafe ta a filashi kafin a gwada. Da kin ce mini."

Ba ta san ana yi ba. Baƙon kuma abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa.

Don haka kada ɗayanku ya zauna a layin nan shi kaɗai da magariba. In an yi muku sallama, ku dubi ƙafa.

Mata sun sha tambayarta nawa ta sallama, ita da ba ta taɓa faɗuwa a ciniki ba. Takan daɗe tana goge bakin kwalba kafin ta amsa.

"Cewa na yi ya kira ni da muryar Malam, yadda yake kirana in ba kowa. Tasallata. Sau ɗaya."