Shirun Labo

A wani ƙauye da ke kan hanyar Sae Sabuwa akwai wani yaro mai suna Labo. Shekarunsa goma sha biyu, yana aji shida a lakol, wato makarantar boko. Tun yana ƙarami ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Idan aka ture shi a bakin famfo, sai ya koma baya ya jira. Idan aka cinye masa rabonsa na fura, sai ya sha ruwa ya tashi. Matan unguwa sukan ce wa uwarsa, "Shatu, ke dai kin yi dacen ɗa."

Wata ranar Litinin malaminsu, Mushe Rabilu, ya shigo aji hannu biyu, babu littafin lissafi.

"Yau kanmu za mu karanta," in ji shi.

Yara suka dubi juna.

"Mutanen da sun lura cewa halin ɗan Adam ya kasu kashi huɗu. Suka sa musu suna wuta, iska, ruwa da ƙasa. Mai halin wuta yana da zafi, ba ya tsoron shiga gaba. Mai halin iska yana da fara'a da surutu. Mai halin ruwa yana da sanyi da haƙuri. Mai halin ƙasa kuwa a hankali yake aiki, amma ba ya barin abu rabi."

Daga nan ya shiga yi musu tambayoyi. Idan an zage ka a gaban mutane, mi kake yi? Idan an ba ku aiki ku biyar, wa ke fara magana? Idan ka ɓatar da akuya, kuka kake yi ko nema? Kowa yana rubuta amsarsa a kaye, littafinsa na rubutu. Da aka gama, Mushe ya duba, ya tura kowa kusurwarsa ta aji.

Faruku, ɗan baffan Labo, ya tafi kusurwar wuta yana buga ƙirji. Aka yi ta dariya, don kowa ya san haka za a yi. Labo ya samu kansa a kusurwar ruwa. A kusurwar ƙasa akwai Ɗahiru, yaron rugar Fulani da ke bayan ƙauye. Bana ya shigo lakol ɗin. Sai da Mushe ya je rugar har sau uku kafin ubansa, Sanda, ya yarda ya sake shi daga kiwo.

"Ku saurara da kyau," in ji Mushe. "Wannan ba duba ba ne. Kowa yana da ɗan abin kowace kusurwa, wani dai ya fi yawa. Kuma kowane hali yana da inda yake kayar da mai shi."

Daidai nan aka buga ƙarfen tashi. Yara suka zuba waje a guje. Labo bai riƙe maganar ƙarshe ba. Abin da ya tafi da shi gida shi ne, shi ruwa ne.

"Inna, ashe ni ruwa ne," ya ce wa uwarsa. "Shi ya sa ba na son rigima."

"To, ruwa, ɗauki tulu ka ɗebo ɗan'uwanka," in ji Shatu.

Lakol ɗin yana da lambu a bayan azuzuwa. An kewaye shi da ƙaya, an yi masa ƙofar langa-langa da ake ɗaurewa da igiya. Tun bayan girbi 'yan aji shida suke wahala a kansa. Akwai tumatir, da salad, da zogale layi uku. Kullum mutum ɗaya ke ban ruwa da yamma, ya ɗaure ƙofa.

Ranar Alhamis, Ɗahiru ne da ban ruwa. Ya gama, ya ɗaure igiya ƙulli biyu, ya kama hanyar ruga.

Bayan la'asar Labo da Faruku suna buga ƙwallo a filin lakol. Faruku ya buga ta da ƙarfi, ta faɗa cikin lambu. Ya kwance igiya ya shiga ya ɗauko. Da ya fito, sai ya ja ƙofar kawai ya ruga.

"Ba ka ɗaure ba," in ji Labo.

"Bari, in mun gama na ɗaure. Kawo ƙwallo!"

Labo ya dubi ƙofar. Ya san Faruku ba ya son a maimaita masa magana. Sai ya yi shiru. Wasa ya yi daɗi, aka kira magariba, kowa ya tafi gida.

Da safe lambun ya zama fili. Awaki sun shiga sun cinye salad har ƙasa. Zogalen ya koma tsinke. Tumatir da ya fara nuna duk an tattake shi. Wata yarinya ta zauna a bakin shinge tana kuka.

"Wa ke da ban ruwa jiya?" Mushe ya tambaya.

"Ɗahiru!" yara suka amsa baki ɗaya.

"Wallahi na ɗaure, Mushe," in ji Ɗahiru. "Ƙulli biyu na yi."

"Ƙarya ne!" wani ya ce daga baya. "Don awakinsu ya bar ta a buɗe."

Faruku ya matso kusa da Labo, ya rage murya. "In ka buɗe baki, ba ni ba kai."

Mushe ya tsawata wa yaran. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu. Labo ya ce a ransa, "Ni ruwa ne. Ba ni tada rigima. Kwana biyu za a manta." Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ba a manta ba. Maganar ta fita daga lakol ta shiga gari. Wasu manya suka ce dama Fulanin nan sun cika sakin dabbobi. Ranar Litinin bencin Ɗahiru babu kowa. Talata ma haka. Ranar Laraba aka ji cewa Sanda ya ce ɗansa ya gama lakol, tunda an mayar da shi maƙaryaci.

Rannan Labo ya kasa cin abincin rana. Shatu ta dube shi.

"Mi ke damunka? Tun jiya kake juya tuwo kamar magani."

"Ba komi, Inna."

"Ni ma furar yau gaya ce, haƙuri za ka yi. Uwar Ɗahiru kwana huɗu ba ta kawo nono ba. An ce gori aka yi mata a bakin rijiya, ta juya da ƙwaryarta. Shekara nawa muna tare da matar nan, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba."

Labo ya ajiye ludayi. Ya fita ya zauna a gindin itacen bedi har aka koma lakol.

Da aka tashi da yamma, ya tsaya share allo ko da yake ba ranarsa ba ce. Ya share, ya sake sharewa. Mushe Rabilu yana duba kaye, bai ɗaga kai ba.

"Labo, allon nan zai huje."

"Mushe, ina da tambaya. Mai halin ruwa, shi ma yana yin laifi?"

Mushe ya ajiye biro. "Zo ka zauna. Mi kake gani?"

"Ni ina ganin ba ya faɗa da kowa. Ba ya zagi. Haƙuri kawai yake yi."

"Haka ne. Amma gaya mini, in an ture ka a famfo ka yi shiru, wa ya cutu?"

"Ni."

"To, wannan haƙuri ne, kuma Allah yana ba da lada a kansa. In an zalunci wani a gabanka ka yi shiru fa, wa ya cutu?"



"Nan ne mai halin ruwa yake faɗuwa," in ji Mushe. "Tsoro yake ji, sai ya sa masa suna haƙuri. Ni ma irinka ne, shi ya sa na sani. Na daɗe ina fama da abin. Ban koya muku halayen nan don kowa ya samu wurin ɓuya ba. Don kowa ya san inda zai tsare kansa ne."

Idanun Labo suka cika da hawaye. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Mushe ya ɗaga hannu.

"In kana da magana, a gaban aji aka ɓata sunan Ɗahiru. A gaban aji ya kamata a wanke shi. Je ka yi tunani zuwa gobe."

Daga nan Labo bai wuce gida ba. Ya je gidan baffansa, ya tarar da Faruku yana ba jakinsu harawa.

"Gobe zan faɗi abin da na gani," in ji Labo. "Gara ka faɗa da bakinka."

Faruku ya jefar da harawar. "Kai? Kai da ko kaza ba ka iya kora?" Ya hankaɗe shi har ya zauna a ƙasa.

Labo ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Bai rama ba. "Zan faɗa," ya sake cewa, ya tafi.

Washegari, bayan an kira suna, Labo ya ɗaga hannu. Ya miƙe tsaye.

"Mushe, Ɗahiru ya ɗaure ƙofa. Ƙwallonmu ce ta faɗa ciki. Faruku ya kwance igiya bai mayar ba. Na gani, kuma ni ma ban ɗaure ba. Da kuka tambaya na yi shiru."

Kowa ya juya yana kallon Faruku. Fuskarsa ta murtuke, ya dunƙule hannu. Can sai ya miƙe da ƙarfi har bencin ya yi ƙara.

"Gaskiya ne. Ni ne. Kuma ni na hana shi magana."

Mushe ya dube su. "Ku biyu za ku sake shuka lambun nan, ku yi ban ruwa har wata guda. Amma wannan ƙaramin abu ne. Yau da yamma za mu ruga."

Suka tafi su uku, suka ratsa gonakin da aka girbe. Sun tarar da Sanda yana ɗaure maruƙa. Mushe ya yi sallama, aka shimfiɗa tabarma. Faruku ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Sanda yana saurare, yana jan gemunsa.

Ɗahiru yana tsaye a gefe da sandarsa. Bai kula Faruku ba. Sai ya dubi Labo.

"Tun ranar ka sani?"

"Na sani."

"Kuma kana kallona ina rantsuwa?"

Labo ya ji maganar ta fi hankaɗar Faruku zafi. "Tsoro na ji," in ji shi. "Ka yafe mini."

Ɗahiru ya juya ya bi shanu.

Sanda ya yi ajiyar zuciya. "Malam, ni na san ɗana ba ya ƙarya. Abin da ya ƙona ni, babu wanda ya tsaya masa. Tunda yaran nan sun tako da ƙafarsu, magana ta wuce. Komawa lakol kuwa, sai abin da Ɗahiru ya ce."

Da Labo ya koma gida ya gaya wa uwarsa duka. Shatu ta yi salati.

"Ɓoye shaida zunubi ne, Labo. Ka nemi gafarar Allah. Amma na ji daɗi da ka tashi ka faɗa." Ta yafa mayafi, ta tafi rugar da kanta ta ba uwar Ɗahiru haƙuri.

Juma'a ta wuce Ɗahiru bai zo ba. Ranar Asabar Labo da Faruku suna tonon lambu, rana ta buɗe, gumi yana zubo musu. Faruku yana sara da ƙarfi yana mita. Labo yana bin bayansa yana gyara kunya. Sai suka ji ƙarar amalanke. Ɗahiru ne a kai, ya cika ta da takin shanu.

Ya sauko ya dubi aikinsu. "Wannan layin ya karkace," in ji shi. Ya karɓi fartanya daga hannun Labo ya daidaita layin.

"Za ka dawo?" Labo ya tambaya.

"Litinin. In na bar muku lambun nan, ko a damina ba za a ci salad ba."

Faruku ya tuntsire da dariya, su ma suka taya shi.

Bayan wata biyu lambun ya yi kore fiye da na farko. Labo yana nan da sanyinsa, har yanzu ba ya faɗa da kowa. Sai dai duk lokacin da ya ji yana son yin shiru, yakan tambayi kansa, "Haƙuri ne wannan, ko tsoro?" Idan tsoro ne, sai ya yi bisimilla ya buɗe baki.

Yara, yana da kyau kowa ya san halinsa. Amma sanin hali ba hujjar yin laifi ba ne. Ka gode wa Allah a kan alherin da ke cikin halinka, ka kuma san inda yake kayar da kai, don ka gyara.