Takalman Sanusi a Gaban Sarkin Zane

Dab da magariba Alhaji Mijinyawa ya bugo daga Kano, ya roƙi Sanusi ya leƙa gidansa na unguwar Camberwell a Landan, ya duba masa zanen da ya saya a gwanjo. Sanusi ya tafi yana tsaki, don cefane matarsa Badariyya ta aike shi.

Zanen na jingine a falo, ya fi ƙofa tsawo. Wani sarkin Turawa ne na shekara ɗari biyu da ɗoriya: gashin aro kamar na tunkiya, jar alkyabba har ƙasa, hannu a kan kambi. Bayansa duhu, gurbin mai riƙe alkyabba ba kowa.

To, Sanusi jikan fadawa ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin wasa ya tuɓe takalmi, ya zube, ya yi jinjina.

Ya zo tashi, gwiwa ta ƙi.

A fada, wanda ya faɗi gaisuwa ba ya tashi sai an amsa masa. Wannan sarki kuwa ba shi da dogarin da zai amsa, ba ya jin Hausa.

Warin ɗanyen fenti ya cika falon. Alkyabbar ta motsa, suuu.

Sanusi ya dubi hannunsa. Yana sheƙi, yana tsattsagewa kamar tsohon fenti.

Gurbin nan na baya, daidai tsawon Sanusi ne.

Waya ta yi ƙara. Badariyya ce. Da ƙyar ya danna speaker. Ta tambayi ina attaruhunta.

"Maman Hanan," ya raɗa, "ce min, Sarki ya gaishe ka."

Ta ce ba ta da lokacin shirme, miya na kan wuta. Ya roƙa. Ta tuna masa ko sharar da ma'aikatan council za su kwashe bai fitar ba.

Fenti ya kai wuya.

"Don girman Allah."

Ta ja tsaki. "To, Sarki ya gaishe ka. Ka taho da attaruhu."

Gwiwa ta saki. Ya fita da baya da baya, don ba a ba sarki ƙeya. Da safa ya hau bas.

Yanzu in ka je gidan Alhaji, dubi ƙasan alkyabbar. Ga takalma sau-ciki ɗinkin Kano, a jere, fentinsu ya tsufa kamar sauran. Masanin da aka kira ya rantse tun asali suna nan.

Sanusi kuwa ko surukinsa daga tsaye yake gaisarwa. Badariyya har gobe cewa take attaruhu ya manta, ya ƙirƙiro sarki.