Abin da Makirufo Ya Ɗauka

"Ɗauki biron da bakinka!"

Muryar Kakakin Majalisa ce ta fito daga talabijin ta cika falon. Kofin da ke hannunta ya kusa suɓucewa.

A cikin shirin, wani tsohon masinja ya durƙusa gaban kujerar Kakaki, 'yan majalisa suna ta dariya. Ya ɗauki biron da haƙora, ya goge shi a rigarsa, ya miƙa.

Ta juya ta kalli Baba.

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi yana masinja a majalisa ta gaske, har ranar da wani shugaba ya yi masa wannan wulaƙancin, Baba ya ajiye aikin. Ko ƙannenta ba su sani ba. Ita ya faɗa wa, lokacin da yake kwance a asibiti yana zaton ba zai tashi ba.

"Har da goge biron..." in ji Baba, a hankali.

"Baba, wallahi..."

"Wannan ne yaron da zai turo magabatansa ranar Asabar?"

Ta gyaɗa kai.

"Ki ce masa ya iya wasa. Ki kuma ce kada su wahalar da ƙafarsu."

Ita ce mai ɗaukar sauti a shirin, shi kuma ɗan wasan da ke fitowa a Kakaki. Kullum ita ke maƙala masa ɗan makirufo a wuyan riga, ta koma bayan teburinta ta sa abin ji a kunne. Da an tsaya hutu sai ya ƙwanƙwasa makirufon sau biyu da yatsa, ya yi raɗa. Mutum arba'in a ɗakin, ita kaɗai ke jin sa.

"Kunnena, kin karya kuwa?"

Haka suka yi shekara guda.

Washegari ta same shi a ɗakin sa kaya, an riga an manna masa girar furfura.

"Wa ka faɗa wa?"

"Ban faɗa wa kowa ba, Kunnena. Na rantse."

"Kada ka ƙara kira na haka! Kai kaɗai na gaya wa!"

"Ranar da kika kai Baba ganin likita aka miƙo mini takardar shirin. Ni ma sai gani na yi."

"Amma ka karanta. Ka gane ko labarin wane ne."



"Na gane. Na ce a canza. Darakta ya ce in ba zan yi ba, akwai mutum goma a waje masu jiran rigar nan. Sai na ce a raina ai Baba ba ya kallon shirin..."

"Saboda kai ya fara kallo!" in ji ta. "Cewa ya yi bari ya ga surukinsa..."

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya. Marubuciyar shirin ce, wadda ta daɗe tana ƙara wa Kakaki fitowa don ta riƙa zama da shi suna bitar takarda.

"Ki daina zarginsa, 'yar'uwa. Ke kika ba ni."

Ta danna wayarta.

Sai ga muryar mai ɗaukar sautin ita kanta, tana kuka ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin biron. Sai ga tasa yana lallashinta. Ta tuna ranar. Bayan an tashi aiki ne, suna zaune a kujerun majalisar katako, makirufo yana wuyansa.

"Kin manta ba ki kashe na'ura ba," in ji marubuciyar. "Minti goma sha ɗaya, a cikin sautin da kika miƙa wa masu tacewa. Ni kuwa abin da na ji nake rubutawa."

Ta kau da kai daga wayar marubuciyar. Ta zauna a kan akwatin kaya.

Ita da ke yi wa kowa faɗa a kan barin na'ura a kunne.

Da yamma ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Mama tana gefe tana cewa, "Malam, ka dubi yarinyar nan, ko abinci ba ta ci ba."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Ke mantuwa kika yi, na yafe miki. Shi ya sani, ya buɗe baki ya faɗa."

"Aikinsa ne, Baba... ba halinsa ba ne..."

"Na sani, uwata. Ban ce mugu ba ne." Ya numfasa. "Amma duk ranar da ya durƙusa ya gaishe ni, muryar nan zan ji. Ba zan iya ba. Kada ki sa ni."

Da tsawa ya yi mata, da ta sami abin faɗa.

Kwana uku ɗan wasan yana zuwa ƙofar gidan. Baba bai fito ba, bai kuma sa an kore shi ba. Asabar ta zo ta wuce.

Ranar ɗaukar kashi na ƙarshe ta maƙala masa makirufon ba tare da ta kalli fuskarsa ba. Sau biyu abin yana zamewa.

Ta koma teburinta. Ya hau kujerarsa, ya buga guduma, ya rufe zaman majalisa. Ta ɗauki kowace kalma tsaf.

"Yanke!" in ji darakta. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Sai ta ji a kunnenta.

Ƙwas. Ƙwas.

Ta zare abin jin, ta ajiye shi a kan tebur.

Koriyar fitilar na'urar ta ci gaba da tsalle, tana hawa tana sauka. Yana magana. Ya daɗe yana magana.

Ta zauna tana kallon fitilar, hawaye yana sauka a kan hannunta, har fitilar ta daina motsi.

Sannan ta kashe na'urar. Ta sake dubawa sau biyu.