Lemun Tsami Huɗu Ƙarƙashin Taya

Ƙarfe tara na safe aka kira Insfekta Arumugam zuwa wata kwalejin injiniya a bayan garin Coimbatore. An sace batirin motar da ɗalibai suka ƙera mai tafiya da hasken rana, ga alƙalan gasa za su duba ta da azahar. Motar da ba batiri kuwa sai ta jira baɗi.

Ya tarar da ita a rumfa, shimfiɗe kamar faranti, an rataya mata furanni. Jiya aka yi bikin kayan aiki, aka sa lemun tsami ƙarƙashin kowace taya, wanda direba zai murƙushe ranar fita don neman sa'a.

"Yaran kwalejin tsallaken titi ne, yallaɓai," in ji Ilango, shugaban ɗaliban. "Hassada ce kawai."

"Kowa da maƙwabcin da yake zargi," in ji Arumugam. "Ta ina ake ciro batirin?"

Wata siririyar ɗaliba, Kayalvizhi, direbar motar, ta amsa: "Ta ƙasa. Sai an tura motar kan ramin can."

Insfekta ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ga sawun taya har bakin ramin, ya je ya dawo. Ga lemu huɗu lafiyayyu.

"Ɓarawon nan yana da tarbiyya. Ya kwashe lemun, ya tura mota, ya dawo da ita, ya mayar da su. Da maƙiyi ne, da ya bi ta kansu. Wanda ya yi wannan ba ya son sa'ar motar ta zube." Ya dubi Ilango. "Wa ya jera su jiya, ɗana?"

"Ni ne."

"Jan garin bikin da aka shafa wa akwatin batirin jiya fa, yaya aka yi ya hau cikin rigarka?"

Ilango ya dubi rigar.

"Batirin yana bayan ɗakin janareta," ya ce. "Ya kumbura tun shekaranjiya. Idan ya yi zafi zai kama da wuta. Doka ta ce direba ya fita cikin daƙiƙa goma, ƙofarmu kuwa tana cijewa. Kayal ba ta taɓa yin ƙasa da goma sha shida ba."

"Sakarai!" in ji Kayalvizhi. "Ba ka da baki ne, Yaya Ilango?"

"Ni na haɗa batirin. Shekara biyu kuna yabona."

Arumugam ya rufe littafinsa. Ya sha ganin maza irin wannan, waɗanda suka gwammace a kira su ɓarayi da a ce ba su iya ba.

"Mu je ofis," ya ce.

A bakin ƙofa Ilango ya waiwayo. Kayalvizhi tana tsugune tana kwashe lemun ɗaya bayan ɗaya.